Wane furosesa zan zaɓa don kwamfutar wasa a wannan zafi na Yamai?

Mubarak (Talaje): Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da zafi. Ina neman shawararku kafin in saki kuɗi. Shekara biyu ina tari, yayana da ke Agadas ya cika mini, yanzu jika 750 ke hannuna. Laftof ɗin da nake da ita a da ta hannu ce, bazarar bara ta mutu. Ina cikin wasa sai ta ɗauke, in kunna ta yi minti goma ta sake ɗaukewa, har ranar da ta ƙi tashi ɗungurungum. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don har aikin makaranta na rasa a ciki. Na zaga shaguna wajen Babbar Kasuwa na ga guda uku, biyu daga ciki kuɗina zai iya kaiwa in an yi ciniki. Ta farko siririya ce mai kyan gani, furosesanta, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Core i9-13900H ne, katin girafik ɗinta mai zana hoton wasa kuma RTX 4050. Ta biyu mai kauri, Ryzen 7 7840HS da RTX 4060. Ta uku ita ma mai kauri, Core i7-13650HX da RTX 4060, amma sai na ƙara kuɗi. Mai shagon ya ce i9 shi ne sarki. Wasannina su ne eFootball, FC, GTA V da Warzone. Ɗakina ba kilim, fanka ce kawai. Wanne ne ba zai yi zafi ba?

Nasiru: Wa alaikumus salam. Ɗauki ta uku ka huta. HX furosesan babbar kwamfutar tebur ne aka saka cikin laftof, zukata 14, wato ƙananan injina 14 masu aiki a cikinsa. Irinsa nake amfani da shi wata takwas ke nan, ban taɓa ganin ta ɗauke ba.

Malam Isufu mai gyara: Mubarak ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a kuɗin. Kafin a shiga gardamar suna, bari in gyara tambayar taka kaɗan. Babu furosesan wasa da ba ya zafi. Abin tambaya shi ne zafi nawa yake haifarwa, kuma gangar jikin da aka saka shi za ta iya fitar da wannan zafin ko ba za ta iya ba. Shekaru na yi ina buɗe cikin waɗannan na'urori, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini a Afrilu da Mayu ba ƙananan furosesa ne da su ba. Manya ne da aka cusa a jiki siriri.

Ka bar kallon i5, i7, i9 tukuna, ka dubi harafin ƙarshe. A wajen Intel, U na wat 15 ne, na aikin ofis. H na wat 45 ne, HX na wat 55. To amma wannan lambar ta zaman lafiya ce. In wasa ya ɗau zafi, i9-13900H yana da izinin jan wat 115, i7-13650HX kuwa har 157. Duk wutar da ya sha zafi take komawa, ba ta da wata hanya. Ka tuna ƙwan fitila na da mai wat 100, wanda ba ka iya taɓawa in ya yi minti biyar a kunne? To ka ɗauka an matse fiye da wannan a wuri da bai kai akwatin ashana ba. Shi Ryzen 7 7840HS na kamfanin AMD an tsara shi ne tsakanin wat 35 da 54.

Mubarak (Talaje): Malam na gode. Ke nan i9 ɗin bai fi ba? Mai shagon ya rantse mini ya fi i7 nesa ba kusa ba.

Malam Isufu mai gyara: Wannan i9-13900H da i7-13700H zukatansu ɗaya ne, 14 da 14, manya 6 ƙanana 8. Bambancin shi ne i9 yana iya taɓa gudun 5.4 GHz, i7 ya tsaya a 5.0. Kuma wannan ƙololuwar sai da sanyi ake hawanta. A jiki siriri, cikin ɗakinka na Talaje da azahar, zai taɓa ta na ƴan daƙiƙu ya sauko, ya zauna inda i7 ɗin yake zaune, wani sa'in ma ƙasa. Ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ramatu: Salamu alaikum. Malam Isufu ya faɗi ainihin zancen, ni dai zan ƙara lissafin da ya shafe mu mu ƴan Nijar, don shi ne masu bidiyo a YouTube ba sa faɗa. Fankar laftof ba ta ƙera sanyi. Iskar ɗaki take ja, ta bi da ita ta kan ƙarfe mai zafi, ta fitar. Saboda haka abin da na'urar sanyaya take iya riƙewa tazara ce tsakanin zafin furosesa da zafin ɗaki. A ce wani ya gwada kwamfuta a Faransa, ɗakinsa digiri 22, furosesa ya tsaya a 85. Tazarar 63 ke nan. Ɗauko wannan kwamfutar ka ajiye a ɗakin kwano a Yamai cikin Afrilu, ɗaki digiri 40. Ka tara 40 da 63, ka samu 103. Iyakar waɗannan furosesa uku da Mubarak ya lissafa digiri 100 ce. Ba zai kai 103 ba, don kafin nan zai rage gudu da kansa don ya tsira. A lokacin ne wasa ke fara sarƙewa, hoto ya riƙa tsalle.

Ku duba takardar da ke zuwa cikin kwali, yawancin kamfanoni suna rubuta cewa a yi aiki da laftof a wurin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a bazara rana tana wuce 40 kusan kullum. Wato tun kafin mu danna maɓalli mun riga mun fita daga ma'aunin da aka yi ta a kai. Shi ya sa ni ra'ayina, ɗan Yamai ko Tawa ko Ƙonni ya sayi furosesan da ke da rarar numfashi, ba wanda ke cika bakin tukunya tun a ƙasar sanyi ba.

Nasiru: Yaya Ramatu, lissafinki daidai ne amma ban yarda da inda kika kai shi ba. Ai mai HX ɗin jikinta da kauri, fanka biyu, bututu da yawa. Kamfani ya san abin da ya saka. Kullum sai a riƙa cewa AMD sanyi Intel zafi, kamar karatun allo.

Ramatu: Nasiru ban ce AMD sanyi ba. Ryzen 9 7945HX na AMD ne, zukata 16, kuma shi ma murhu ne in aka sake masa linzami. Maganar aji ce, ba ta kamfani ba. HS da H aji guda, HX wani aji. Sai dai tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin ƙira: 7840HS an yi shi a 2023 da fasahar nanomita 4 ta masana'antar TSMC, 13650HX kuwa da wadda Intel ke kira Intel 7, wadda ta girme ta. In ka ɗaure su duka a wat 40 ko 45, na farkon ya fi ba da aiki a kan kowane wat a yawancin gwaji. In ka sake su, HX zai wuce a aikin da ke cin zukata da yawa. Tambaya ɗaya zan yi maka, a ina kake kunna taka?

Nasiru: A ofis galibi, ina haɗa bidiyo da ita. Da dare in yi wasa a falo.

Ramatu: Da kilim?

Nasiru: E, da kilim. To na gane. Amma dai a faɗa wa yaron gaskiya, in zai yi aikin bidiyo ko zanen gini nan gaba, HX ya fi saurin gamawa. Kuma ana iya rage masa wat a manhajar kamfanin.

Ramatu: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ana iya ɗaure shi ya zauna lafiya. Abin da nake jin nauyinsa shi ne ɗalibi ya ƙara kuɗi a kan ƙarfin da zai ɗaure da hannunsa wata huɗu ko biyar a shekara.

Ɗan Ader (Tawa): Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Tawa. Ni gidan wasa gare ni, yara na zuwa buga ƙwallo. Wanga zance na furosesa duk na ji, amma ba ku taɓo babban maƙiyi ba, ƙura. Nan wajenmu in hunturu ya kama, daga Nuwamba har Fabrairu, ko ka rufe ƙofa da taga sai ta shiga. Mun taɓa buɗe wata laftof da munka yi wata shida ba mu share ba, munka iske ƙura ta yi kamar bargo tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nan da iska ke fita. Fanka na ta kuka, iska ba ta wucewa. Da munka cire bargon, zafi ya sauka ƙwarai ba tare da an canza komi ba. Ko wane furosesa ka saya, in ƙura ta toshe hanya, aikin banza ne. Kuma ƙanena, in ba yawo za ka yi da ita ba, mi zai hana ka haɗa ta tebur? Ta fi sanyi, ta fi sauƙin shara, in abu ya lalace shi kaɗai za ka canza.

Mubarak (Talaje): Yaya, da so samu ne da ta tebur zan haɗa. Amma kullum sai na haye gadar Kennedy zuwa jami'a da ita a jaka, da ita nake aikin makaranta. Ga ɗaukewar wuta, ta tebur tana mutuwa nan take.

Ɗan Ader (Tawa): To shi ke nan, hujjarka ta kama. Amma ka zaɓi wadda murfin ƙasanta ke buɗuwa da sauƙi, kusoshi kawai, fanka a bayyane. Akwai waɗanda sai an ciro allon uwa dut kafin a kai ga fanka. Irin wagga a ƙasarmu wahala ce.

Malam Isufu mai gyara: Ɗan Ader Allah ya biya ka, wannan shawara ta kai kuɗi. Bari in dawo kan gangar jiki, don nan ne nake so Mubarak ya buɗe ido. A yawancin laftof na wasa, furosesa da katin girafik bututun jan ƙarfe ɗaya suke rabawa. Zafin wannan yana shafar wancan, kamar mutum biyu a ɗaki guda. Kuma wutar ma rabawa suke yi: NVIDIA na da tsarin da ake kira Dynamic Boost, in furosesa bai ci da yawa ba sai a ƙara wa katin har wat 25. Ma'ana furosesa mai haɗama yana cin rabon katin, alhali a wasa katin ne ke ɗaukar mafi yawan kaya. Wasannin da ka lissafa, zukata 6 masu kyau sun ishe su, balle 8 na 7840HS. Warzone ne kaɗai mai ɗan matsa wa furosesa, shi ma abin da ya fi so shi ne RAM giga 16 a sanda biyu, ba sanda ɗaya ba.

Sannan kada sunan katin ya ruɗe ka. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har 115, kamfani ne ke zaɓa gwargwadon abin da jikin zai iya fitarwa. Suna ɗaya, aiki daban. Ka shiga NVIDIA Control Panel, wurin bayanan na'ura, akwai layin da ke nuna iyakar wat na katin. Kuma 4060 ma'ajiyar hoto ta giga 8 gare shi, 4050 giga 6. Wannan bambancin za ka ji shi a wasa fiye da bambancin i7 da i9.

Wata dabara da nake koya wa yarana a shago: juya caja ka karanta bayanta. In ka ga i9 da katin wasa amma cajar ƙarama ce, wat 100 da ƴan kai, to kamfanin da kansa ya gaya maka bai shirya barin su su yi gudu tare ba. Mai kaurin za ka ga cajarta 200 ko 230. Bayan haka ka ɗaga ta ka leƙa ƙasa: ramukan shan iska masu faɗi ne? Mafitar iska nawa ce, baya kaɗai ko har da gefe? Ta cikin ramukan kana iya hango bututun, ka ƙirga.

Habibu 227: Malam ni tambayata daban. Na ga wata an rubuta Ryzen 7 7735HS, ta fi araha. Ai duk 7000 ne, ko?

Ramatu: Habibu a nan mutane da yawa ke zamewa. A jerin 7000 na laftof, lamba ta farko shekarar fitowa take nunawa, lamba ta uku ce ke nuna ƙirar. 7840, ta ukun 4 ce, wato Zen 4. 7735, ta ukun 3 ce, wato Zen 3+, kusan shi ne Ryzen 7 6800H na 2022 aka sake wa suna. Ba mummuna ba ne, zukata 8 ne, ba shi da haɗamar wuta, zai yi wasa lafiya. Kawai kada a sayar maka da shi a kuɗin sabon ƙira. Wanda za ka guje wa don wasa shi ne irin 7520U, ta ukun 2 ce, tsohuwar ƙira ce ta aikin rubutu da intanet. Shi kuma 8845HS da ya fito daga baya, ɗan'uwan 7840HS ne na jini, a wasa kusan ba bambanci.

Habibu 227: Allah ya saka da alheri yaya, da na faɗa.

Zabeiru: Ni fa tawa tana kai 95 in ina wasa, shekara guda ke nan ba abin da ya same ta. Wani ya ce mini an yi su ne don haka. To me ya sa ake tsorata mutane?

Malam Isufu mai gyara: Zabeiru, rabin maganar gaskiya ce. Furosesa da kansa yana da wuyar mutuwa, yana da mai gadi a ciki, in ya kusa iyaka ya rage gudu, in abin ya faskara ya kashe na'urar. Amma ba shi kaɗai ke zaune a gidan ba. Maƙwabtansa ne ke shan wahala. Batir na lithiyam ba ya ƙaunar zafi ko kaɗan, shi ne za ka ga ya kumbura ya ɗaga wurin linzamin yatsa. Ƙananan kayan da ke rarraba wuta a kan allon uwa suna gasuwa kullum. SSD, ma'ajiyar fayiloli, yana rage gudu in ya yi zafi. Fanka da ke gudu a ƙarshen ƙarfinta awa biyar kowace rana tana cinye gindinta ta fara ƙara. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfe yana bushewa ko ya tsere gefe. Abin da ake kawo mini a mace galibi ba furosesa ba ne, ɓangaren wuta ne ya ƙone. Kuma tunda a laftof furosesa a like yake da allon uwa, ba a cire shi a canza, gyaran yakan zama babba. Ni in na ga 95 na ɗan lokaci ba na damuwa. In ta zauna a can awa da awanni, ina damuwa. Tsakanin 80 da 88 cikin wasa a bazararmu, wannan na kira shi lafiya.

Zabeiru: To yaya zan saukar da ita ba tare da na kashe kuɗi ba?

Ramatu: Abu na farko, ɗaga bayanta. Ko marfin kwalba biyu ka saka a ƙarƙashin ƙafafun baya, iska ta samu hanya. Kada a ɗora ta kan katifa, darduma ko cinya ana wasa. Na biyu, ƙayyade yawan hotunan da wasa ke fitarwa a daƙiƙa. In kana buga eFootball ko FC, 60 ta wadatar, ba dalilin barin kati ya yi ta harba 140 yana dafa kansa. Na uku shi ne wanda ya fi tasiri a furosesa: a saitin wuta na Windows akwai wurin iyakar ƙarfin furosesa, ka mayar da shi 99 maimakon 100. A na'urori da yawa wannan yana kashe turbo, wato ƙarin gudun da furosesa ke hawa in aiki ya yi nauyi. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne gudun ƙarshe ya fi kowane tsada: don a ƙara ɗan gudu sai an ƙara ƙarfin lantarki, zafi kuwa yana hawa fiye da yadda gudun ke hawa. Ka sauke kaɗan daga sama, zafi mai yawa ya tafi. In dabarar 99 ba ta kama a taka ba, shiga manhajar kamfanin, Armoury Crate a Asus, NitroSense a Acer, ko Fn da Q a Lenovo, ka zaɓi yanayin matsakaici.

A nan ma 7840HS yana da wata fa'ida ga Mubarak. Gudunsa na tushe 3.8 GHz ne, ko an kashe turbo yana nan da ƙarfinsa. Na Intel H da HX da yawa tushensu bai kai 3 ba, don haka a wajensu gara a rage wat da a kashe turbo gaba ɗaya.

Nasiru: A HX ana iya rage masa lantarki da manhajar ThrottleStop in kamfani bai kulle ba, zafi ya sauka gudu bai ragu ba. Wannan H ba ya samu.

Ramatu: Haka ne, tun bayan matsalar tsaro da aka gano a 2019 mai suna Plundervolt aka kulle wannan ƙofa a yawancin laftof, HX da HK ne suka fi samun ta a buɗe. Amma sai wanda ya san abin da yake yi, in an zarce na'ura takan daskare.

Habibu 227: Faifan nan mai fanka da ake ɗora laftof a kai fa? Da kuma wanda na ji yana sa ƙanƙara a leda kusa da ita.

Malam Isufu mai gyara: Faifan yana taimako kaɗan, yawancin amfaninsa ɗagawar ce. Ƙanƙara kuwa don Allah a bari. Raɓa take haifarwa, ruwa ya taru a cikin na'ura, ruwa da wuta kun san ƙarshensu. Haka wanda ya fito da ita daga ɗaki mai kilim da damina, ya ɗan jira kafin ya kunna a waje.

Tunda an zo nan bari in yi maganar pat, man da ake shafawa a kan furosesa. Farin nan mai araha na sirinji ba ya jure laftof na wasa, wata kaɗan ya bushe. Akwai wani da ake kira PTM7950 na Honeywell, kamar ɗan fallen leda yake, yana narkewa wajen digiri 45 ya cike ramuka, in ya huce ya sake daskarewa, shi ya sa ba ya tserewa gefe da wuri. Yana da kyau ƙwarai, sai dai jabu sun yi yawa. Sai kuma ruwan ƙarfe, wanda wasu kamfanoni kamar Asus ke sakawa a jerin ROG tun daga masana'anta. Yana kwashe zafi fiye da kowane pat, amma galiyam ne a ciki, yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyam. In ɗigo ɗaya ya zubo kan allon uwa an gama. Wanda kamfani ya saka da shingensa, a bar shi yadda yake. Amma kada wani ya ce zai shafa maka a shago, alhali kullum kana bisa kabu-kabu da ita a baya ana girgiza. Sabuwar kwamfuta ma ba ta bukatar a taɓa mata pat, sai ta yi shekara ko fiye, ko in an ga zafi ya ƙaru bayan an share ƙura.

Alhaji Sani: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ni ɗan kasuwa ne, ina kawo irin waɗannan kaya daga Dubai, don haka bari in yi magana ta ɓangarenmu. Mai shago ba lallai maƙaryaci ba ne, da yawa abin da ke rubuce a kwali kawai suka sani, kuma masu saye ne da kansu ke shigowa suna tambayar i9. Ɗana Mubarak, kada ka saya sai ka gwada a gabansa. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce gaba. Kuma garantin kamfani na ƙasar da aka sayo ta da wuya ya yi maka amfani a nan, don haka ka nemi na shagon a rubuce, da kwanan wata da lambar na'urar. Ka duba kilabiye ma, na Dubai da Amurka QWERTY ne, in ka saba da AZERTY don rubutun makaranta ka sani tun yanzu.

Mubarak (Talaje): Na gode Baba Alhaji. Gwajin yaya zan yi shi? Ban taɓa ba.

Malam Isufu mai gyara: Ka sa manhaja biyu a kile na USB, HWiNFO64 mai nuna zafi da wat, da Cinebench R23 mai matsa wa furosesa aiki, duka kyauta ne. Ka jona caja, don a kan batir ba ta nuna ainihin halinta. Ka buɗe HWiNFO64 wurin ma'aunai, ka saki Cinebench na minti goma. Kada ka kalli minti na farko, kowace kwamfuta jaruma ce a minti na farko. Ka kalli na takwas zuwa na goma: digiri nawa, wat nawa furosesan ke riƙe da shi, gudu nawa, kuma layin da ke nuna ya rage gudu saboda zafi ya ce e ko a'a. Mai kyau za ta zauna wuri ɗaya. Maras kyau za ka ga lambobi na hawa da sauka kamar numfashin mai gudu. In akwai wasa a shagon ka buga minti goma sha biyar, don a nan ne furosesa da kati ke zafi tare. Ka sa hannu bayanta ka ji iska na fita da ƙarfi ta kowace mafita, ka kasa kunne ko wata fanka na gurnani. Kuma ka tuna lissafin Ramatu, in shagon da kilim, ka ƙara tazarar ɗakinka a kan abin da ka gani.

Ɗan Ader (Tawa): Ka tahi da rana tsaka, ba da sahe ba. Kuma in ka saya, ranar shara ka riƙe fanka da yatsa ko tsinke kahin ka hura iska, kar ta yi ta juyawa da ƙarhi ta lalace.

Ramatu: Ƙari ɗaya kan batir, tunda ka ambaci ɗaukewar wuta. In wuta ta tafi kada ka ci gaba da babban wasa a kan batir. Gudu zai faɗi, batir ya yi zafi, ya tsufa da wuri. Ka bar shi don karatu. In kana yawan barin ta a jone, ka kunna iyakar caji a 80 ko 60, yawancin kamfanoni sun saka wannan a manhajarsu. A nan ma HS ya fi HX daɗewa a kan batir in ana aikin rubutu, wanda zai yi maka amfani a aji.

Mubarak (Talaje): Ƴan'uwa na dawo, yau kwana uku. Na je da kile kamar yadda Malam ya ce, ƙarfe biyu na rana. Mai shagon bai hana ni ba, har kujera ya ba ni, shi ma ya tsaya yana kallo. Siririyar cajarta ƙarama ce kamar yadda kuka faɗa, ta taɓa 100 tun kafin minti biyu, daga nan wat ya yi ta sauka. Mai HX ta yi maki mafi yawa, gaskiyar Nasiru, amma tana sama da 90 har aka gama, a shago mai kilim. Mai Ryzen ta zauna wajen 80 ba ta motsa ba. Ita na ɗauka, RAM ɗinta sanda biyu ne, kuma ya rubuta mini garantin wata uku. Jiya da la'asar na buga Warzone a ɗakina, na ɗaga bayanta da guntun katako, yanayin matsakaici, furosesa tsakanin 84 da 88, kati wajen 78. A eFootball da na ɗaure a 60 ko kukan fanka ba na ji sosai. Allah ya saka wa kowa da alheri, Malam Isufu, yaya Ramatu, Baba Alhaji, yaya na Tawa, da kai Nasiru.

Nasiru: Allah ya sa alheri, ya sa ka more ta. Lambobin sun yi kyau.

Mubarak (Talaje): Amin. Malam, yaushe zan fara kawo ta shara?

Malam Isufu mai gyara: Amin ƙanena. Ka rubuta lambobin nan na jiya a takarda ka ajiye, su ne ma'auninka. Iskar farkon damina tana zuwa da ƙura, don haka ka leƙa fankar a ƙarshen Yuni. Daga nan sai Disamba, sai kuma ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya dawo. In kafin lokacin ka ga ta ƙara digiri biyar ko shida a wasa ɗaya da ɗaki ɗaya, kada ka jira, kawo ta. Ka zo da cajarta.